Neman kalma: me za mu kira yutiliteriyanizim kafin Laraba?

Malamar Aji: Assalamu alaikum. Ranar Laraba ina da darasi a kan hanyoyin da masana falsafa suke auna shawarar ɗan kasuwa, ko daidai ce ko kuskure. Ta Kant na sa mata "ra'in wajibi", ta Aristotle "ra'in halin kirki". Ta Bentham da Mill, yutiliteriyanizim, mai cewa daidai shi ne abin da ya fi kawo wa mutane jin daɗi ya rage musu wahala, ita ce ta tsaya min a wuya. A taimaka.

Tafinta: Wa alaikumus salam. Ra'in maslaha, Malama. Kowa zai gane.

Ɗan Usulu: Za a gane, amma wani abu daban za a gane. Maslaha a wurin Gazali kare abubuwa biyar ce: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya, kuma ba ta tsallake nassi. Bentham ba shi da wannan shinge. A littafinsa na 1789 jin daɗi da wahala kaɗai yake aunawa, da ma'auni bakwai: ƙarfin abin, daɗewarsa, tabbacinsa, kusancinsa, ko zai haifar da irinsa, ko yana gauraye da kishiyarsa, da yawan mutanen da ya shafa. Idan aka ce maslaha, ɗalibi zai ɗauka shari'a ta riga ta sa hannu.

Mai Bincike: Na bakwai ɗin nan shi ne ƙashin bayan maganar. Duk kalmar da ba ta nuna ana tara amfanin kowa da kowa a kwashe cutarwa ba, ta faɗi. In ka ce "ra'in amfani" kawai, manaja zai ji amfanin kamfaninsa, alhali a wannan lissafi ma'aikaci da mai saye da maƙwabcin masana'anta duk kai ɗaya ne da mai jari. Na kawo "ra'in rinjayen amfani".

Baban Nahawu: Maslaha Larabci, ra'i Larabci, wajibi Larabci. Yaushe za mu daina bara? Muna da moriya. A ce Moriyanci, kalma ɗaya tilo, kamar yadda muka samu Hausanci da malanci. Na sha faɗa.

Tafinta: Ka sha faɗa, Baba, mun sha ji. Wannan ɗafin ne kuma ya ba mu shashanci da iskanci.

Ɗan Usulu: Ni ba ɗafin ne damuwata ba, saiwar ce. Bahaushe na jin moriya zai tuna da cin moriyar ganga a ya da kwaurenta. Abin da Kant ya hana ke nan a 1785: kada ka mai da mutum abin biyan buƙata kawai. Ka ga mun laƙaba wa ra'i zagin da abokan hamayyarsa suke yi masa a matsayin suna.

Baban Nahawu: Zagin ai ya cancanta. Ba su ne suka yi wa ran mutum kuɗi ba?

Mai Bincike: Takardar kamfanin motoci na Ford ta 1973 kake nufi, kuma ta dace da darasin Malama. Gyaran tankin mai dala 11 a kowace mota, motoci miliyan 12.5, ya kama kusan dala miliyan 137. A ɗaya ɓangaren, asarar da gyaran zai hana: rai 180 a kan dala 200,000 kowane, masu ƙuna 180 a kan 67,000, motoci 2,100 a kan 700, jimla dala miliyan 49.5, wato a wannan lissafi kuɗin gyaran ya fi amfaninsa. Sai dai a kula, an shirya ta ne don hukumar kula da lafiyar hanya ta Amurka, a kan yoyon mai idan mota ta kife, kuma ta haɗa motocin dukan kamfanoni. Mutane suna ba da labarin kamar a kan Pinto, wata motar Ford, kaɗai aka yi ta. Inda irin wannan lissafi yake karkacewa shi ne abin da ke da farashi a rubuce yana shiga da nauyinsa, wanda ba shi da shi sai a yi masa ƙiyasi ko a bar shi waje. Mabiyin Mill ma zai iya cewa ba a ƙirga komai ba.

Baban Nahawu: Duk wannan bai amsa min ba. Faransawa suna da hukumar tsare harshensu tun 1635. Mu kuwa ko wa ya zo da kalma sai mu shimfiɗa masa tabarma.

Tafinta: To Baba, a cire riba da lissafi da hukunci da daraja, duk Larabci ne, sannan a koyar da darasin kasuwanci mu gani.

Baban Nahawu: Waɗannan sun zama 'yan gida. Kai dai a Turanci kake tunani.

Tafinta: Ni da na kawo maslaha?

Malamar Aji: Don Allah malamai, a yi haƙuri, Laraba jibi ce. Moriyanci ba zan iya ba, ajin zai fashe da dariya. Tsakanin "rinjayen amfani" da "duba sakamako" wanne?

Mai Bincike: Kada ki haɗa su, Malama. "Duba sakamako" uwa ce, ta haɗa duk ra'in da ke auna aiki da abin da ya haifar. Mai son kansa ma sakamako yake dubawa, nasa. Ki sa ta a kanun babi, "rinjayen amfani" ta zo a ƙarƙashinta.

Ɗan Usulu: Rinjaye yana da nasa aibin, za a ji kamar ƙuri'a. Mutum dubu su samu ɗan rangwame, goma su rasa ido, ƙuri'a ta ba dubu, lissafin Bentham kuwa yana iya ba goman. A ƙara "ga kowa", ko a fayyace a layin farko.

Malamar Aji: Na rubuta "ra'in rinjayen amfani", da bayanin Malam Ɗan Usulu a ƙasa. Na gode.

Baban Nahawu: Kalma uku a wurin ɗaya. Ku sa, ba don na yarda ba. Amma wajibin nan na Kant ma ban sake shi ba, "tilas" me ya yi muku?

Ɗan Usulu: Tilas daga waje take zuwa, Baba. Na Kant mutum ne yake ɗora wa kansa da hankalinsa.

Baban Nahawu: Za mu dawo kanta bayan Laraba.