Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: yabo ce ko gori?

Ɗan Tudun Wada: Assalamu alaikum. Jiya gardama ta kaure a majalisarmu. An kama wani yaro da wayar mutane a Kasuwar Bacci, sai wani dattijo ya ce ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, don an san uban. Ni na ce ba a nan ake faɗarta ba. Ku raba mu.

Maman Hanifa: Yabo ce mana. Ɗan maƙeri ya iya ƙira, ɗan malam ya haddace, nan ne muhallinta.

Malam Na Kawo: Bahaushen da ya faɗe ta shi ne dai ya ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. A huɗuba liman ya kawo hadisin mutumin da ya je wa Annabi (SAW) yana kokwanto don matarsa ta haifi baƙin yaro. Aka tambaye shi launin raƙumansa, ya ce jajaye. Akwai mai toka-toka a ciki? Ya ce akwai, wataƙila daga kakanni ya janyo. Aka ce to ɗanka ma haka.

Anti Nas: Malam, abin da muke gani a asibiti ke nan. Rabin abin da ya gina yaro daga uwa yake, rabi daga uba: ƙwayoyin gado da muke kira chromosome, 23 nan 23 nan. Wani abin yakan ɓuya a jiki, sai ya haɗu da irinsa daga ɗaya ɓangaren sannan ya fito. Shi ya sa baƙaƙe biyu kan haifi zabiya.

Yar Rigasa: Anti kin tuna min kakata, Allah ya jiƙanta. Auren zumunci aka yi mata da ɗan kawunta. Ta haifi tara, huɗu suka koma. Ta ce tun suna rarrafe hannuwa da ƙafafu ke kumbura, ido ya yi ruwan ɗorawa, in sanyin hunturu ya shigo a kwana ana kuka. Aka ce wabi take yi. Aka ce kishiyarta mayya ce, har aka kori baiwar Allah da ƙullin kayanta. Ita da kakanmu kuwa ko ciwon kai ba su cika yi ba, suka tsufa garau. Sai da mu jikoki muka zo aure aka yi mana gwajin jini, AS, wato mai ɗauke da ƙwayar sikila ba tare da ciwon ba, ta yi ta fitowa, sannan muka gane sikila ce. Ranar da na yi mata bayani ta daɗe tana kuka, ta ce a nemo mata 'ya'yan kishiyar nan ta roƙi gafara.

Maman Hanifa: Allahu akbar. An samo su?

Yar Rigasa: Ɗaya aka samu a Zariya. Ta yafe.

Anti Nas: AS da AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS, wato mai ciwon sikila. Kowane ciki na ce. Kada a ce an haifi mai ciwo ɗaya, saura uku sun tsira.

Sarkin Shayi: Ni barewar da na sani ita ce wadda ta gudu da kuɗin kwalbatin unguwarmu, yanzu ga fostar ɗanta a ƙarƙashin gadar Kawo. Wannan ba ya rarrafe, tashi sama zai yi.

Ɗan Tudun Wada: Sarki don Allah bar siyasa. Anti, sata ma ana gadonta a jini?

Anti Nas: Ba a gwada sata a jini. Yaro yana kwaikwayon abin da ya tashi ya gani a gida.

Malam Na Kawo: To hali zanen dutse fa, ina za mu kai shi?

Maman Hanifa: Tunda an zo nan, a faɗa wa masu sakin mata don sun haifi 'ya'ya mata cewa daga namiji abin yake.

Sarkin Shayi: Hajiya wannan a buɗe mata nata zauren, yau ba za a kwana ba. Wa ke da wuta a Unguwar Rimi? Cajina ya kusa ƙarewa.