Karo ya kumbura, mai aiki ya ƙi dawowa

Assalamu alaikum ƴan uwa. Falo ne a Tawa, murabba'in mita 30, aka shimfiɗa wa karo (tayil na daɓen ƙasa) 60x60. Mai aikin ya ɗora siminti dunƙule-dunƙule a kusurwa huɗu maimakon ya shafe bayan karon duka. Bai bar tazarar milimita 3 tsakaninsu ba, balle a gindin bango. Da zafin Afrilu ya shigo, layin tsakiya ya kumbura, sauran kuwa in an ƙwanƙwasa sai ka ji rami a ƙasa.

An biya shi kashi biyu cikin uku, ba takarda, sai saƙonnin WhatsApp. Shi dai karon yake ɗora wa laifi.

Kafin a ɓamɓare, dole ne wisiye (ma'aikacin shari'a mai rubuta shaida) ya zo ya rubuta abin da ya gani, ko hotuna sun isa hujja a kotu? Riƙe ragowar kuɗinsa fa, doka ta yarda?