Neman kalma: me za mu kira "drag" da Hausa?

Mai gyaran kwamfuta, Gusau: Assalamu alaikum, jama'a. Masu kawo mini kwamfuta mai tsarin gudanarwa na Linux, yawanci nau'in Ubuntu ko Mint, magana ɗaya suke yi: "linzamina ba ya aiki." Alhali cuta biyu ce. Wani ya danna sau ɗaya, kwamfuta ta ƙirga biyu. Wani kuma ya ɗauko fayil zai kai wata folda, sai ya suɓuce a hanya. "Linzami" ta zauna, "danna" ma haka. Amma abin da Turawa ke kira drag fa, wato wannan jan fayil da linzami? Yaran shagona "diragin" suke cewa, ni kuwa ba na son mu gaji wannan.

Malamar Hausa, Birnin Kebbi: Wa alaikumus salam, Malam. Me ya hana "ja"? Gajera ce, yaro da tsoho sun san ta.

Mai gyara: Ranki ya daɗe, "ja" ta faɗi rabi ta bar rabi. Abu uku kwamfuta take gani: maɓalli ya sauka, linzami ya motsa, maɓalli ya tashi. A GNOME, wato fuskar allo ta Ubuntu, sai kibiyar linzami ta yi tafiyar ɗigon allo 8 maɓallin yana ƙasa kafin a lissafa shi a matsayin ja. Kuma yawancin lalacewar da nake gani a riƙon take. In ka buɗe taminal, wato tagar rubuta umarni, ka rubuta xev, za ka ga ButtonPress lokacin da ka danna, ButtonRelease lokacin da ka ɗaga. Wanda ke kan Wayland, manhajar nuna tagogi a allo, wadda Ubuntu ta koma kanta tun fitowar 21.04 a 2021, gara ya yi sudo libinput debug-events. Idan sakin ya bayyana alhali yatsanka bai tashi ba, kada ka wahalar da kanka da sake loda manhaja. Ɗan makunnin da ke ƙarƙashin maɓallin ne ya cinye, ko ƙurar hunturu ta shige shi. Ina son kalmar da mai kawo gyara zai faɗa in gane riƙon yake nufi.

Ɗalibi, Ƙauran Namoda: Yallaɓai, "ɗauki-ajiye" fa?

Mai gyara: Ta yi wa fayil daidai, ƙanena. Amma mai shafa rubutu don ya kwafa, ko mai faɗaɗa taga daga gefenta, bai ɗauki komai ba, kuma motsin hannu ɗaya ne.

Malamar Hausa: To yanzu na gane, kuma Hausa ta riga ta yi mana aikin. Dubi "danna" da "danne". Ka danna abu ka ɗaga hannu. Ka danne shi, hannunka na nan a kai. Saboda haka ina ba da "danne-ja". Wajen koyarwa a ce: danne, ka ja, ka saki. Wanda fayil ke faɗo masa a hanya ya ce "linzamina yana saki." Mai ƙirga biyun kuwa, ni da in'ina zan kira cutarsa, tunda abu ɗaya yake son faɗa yana maimaitawa.

Mai gyara: Madalla, Malama, na karɓi duka biyun. In'inar ma ta dace da abin da ke faruwa a ciki: ƙarfen makunnin ne ke taɓawa ya rabu ya sake taɓawa cikin ƙiftawar ido. Libinput, manhajar da ke karɓar saƙon linzami, tana tace ƙaramar in'ina da kanta, amma in ta tsananta sai canji.

Ɗalibi: Nawa ma yana saki, Yallaɓai, kuma kuɗin sabo sai ƙarshen wata.

Mai gyara: Shiga saitin linzami ka mai da maɓallin dama ya zama babba, irin na bahago. In danne-ja ya yi aiki da shi, na hagun ne ya mutu, ka ci gaba da na dama har kuɗi su zo. In shi ma yana saki, canza kafar USB, in marar waya ne ka sa sabon batir, sannan ka turo mana abin da taminal ta nuna.