Neman kalma: injin nan mai wanke kwanuka da kayan cikinsa, ran Juma'a zan miƙa aiki

Tafinta: Assalamu alaikum. Jama'a a taimaka. Wani mai sayar da kayan kicin na hannu a nan Kano ya ba ni ɗan littafi mai shafi 18 in mayar masa Hausa, saboda yaran da ke koyon gyara a shagonsa. Yau Talata, Juma'a zan miƙa. A kan injin nan ne da Turawa ke kira dishwasha. Abubuwa biyar suka tsaya mini a wuya: sunan injin kansa, abin nan mai hudoji da ke juyawa yana watsa ruwa, abin da ke tare guntun abinci a ƙasa, wani ɗan abu mai tasowa in ruwa ya taru, sai kuma babbar matsalar, famfo. Akwai layin da na fassara ya fito haka: "a rufe famfo, sannan a duba famfo." Na farkon wanda ake murɗawa ne ruwa ya zo, na biyun wanda ke tura ruwa ne a cikin injin. Yaro zai karanta wannan ya ce tafintan ya zautu.

Uwargida a Ingila: Wa'alaikumus salam. Sunan ai ba wahala. Injin wanki na tufafi ne, injin wanke-wanke na kwanuka. Haka nake faɗa wa yarana, ba wanda ya taɓa tambaya ta me nake nufi.

Mai Gyaran Firji: Hajiya ta gama magana. Sauran kuma ga yadda muke faɗa a shago: mai juyawa farfela, na ƙasa filta, na ƙofa roba. Ƙanena, kada ka wahalar da kanka, yaran da za su karanta da waɗannan sunayen za su je kasuwa neman kaya.

Malamin Nahawu: Inji, farfela, filta. Uku ke nan a layi biyu, babu ta Hausa ko ɗaya. Shin tafinta aka nema ko mai canza wa Turanci riga? Harshen nan yana da ma'auninsa na sunan kayan aiki: buɗe ya ba mu mabuɗi, kulle ya ba mu makulli, goge ya ba mu magogi. To wanke me zai ba mu? Mawanki. Kalma ɗaya, gaɓa uku. Mai watsa ruwan mafeshi, mai tacewar mataci. In an ga mawanki ya yi tsirara a ce na'urar wanke-wanke, amma ban da inji.

Tafinta: Allah ya gafarta Malam, mataci ya kwanta mini. Mawanki ne nake ɗan ɗari-ɗari da shi.

Ɗaliba: Da izinin Malam. Ma'aunin da ke ba mu kayan aiki shi ne ke ba mu mai aikin, kamar maɗinki da magini da masaƙi. A baki karin sauti ke raba su, a takarda kuwa ba ma sa alamar sauti. Wanda ya karanta "a kwantar da mawanki a buɗe ƙasansa" zai iya ɗauka mutum ake nufi. Ga mawanka kuma a gefe, wurin wanka.

Mai Gyaran Firji: Wallahi in na ce wa yaro ɗauko mini mawanki, soso zai kawo.

Malamin Nahawu: Dariya ba hujja ba ce. Ran da aka fara cewa jirgin sama ai wani ya yi dariya, tun da jirgi na ruwa aka sani. Majalisar Ɗinkin Duniya fa? Da mutanen da suka riga mu sun yi irin lalacinku da yanzu Yunaited Neshon muke cewa. Tun 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara rubuta labarin duniya da Hausa, mu kuma yau abin wanke kwano ya gagare mu. To in mawanki bai yi ba, ga wankau.

Ɗaliba: Malam, irin su mantau da makarau ai da su ake yi wa mutum tsiya. Wankau sai ka ce laƙabin almajirin da ke wanki a unguwa.

Ɗan Damagaram: Ina gaida mutanen Kano. Ni dai tambayata, littafin nan iyakarsa Kano? Don mu nan in ka ce roba za a gane, amma mai gyara juwan zai ce, kuma abin da kuke kira sukudireba mu turnabis muka sani. Kun ɗauko na Ingilishi, mun ɗauko na Faransanci, sannan kullum a ce taku ce daidaitacciya, tamu karin harshe. A wannan gaɓar ina bayan Malam. Kalmar Hausa tsantsa ba ta buƙatar biza a iyakar Maimujiya.

Mai Gyaran Firji: Tiyo fa? Ba daga Faransancinku muka karɓa ba? Ga shi duk Kano tiyo ake cewa, ba wanda ya yi ƙorafi.

Ɗan Damagaram: Guda ɗaya kuka karɓa, shi ne kuke mana gori.

Sarkin Tsokana: Wai ni duk wannan hayaniyar a kan me? Gida nawa ne a Kano ke da abin nan? Wuta babu, ruwa sai an saya wurin 'yan garuwa. Injin malalatan mata kawai.

Uwargida a Ingila: Malalata ko? Kai ka taɓa wanke tukunyar tuwo ta kwana? Mace ce ma ta fito da wanda ya fara karɓuwa, Josephine Cochrane, a Amurka, ta yi masa rajista a 1886, kuma otal-otal da gidajen abinci ne suka fara saye kafin gidaje. A Kano ma nan zai fi amfani. Batun ruwa kuwa, na zamani wajen lita 10 yake sha a wanki guda, bai kai rabin jarkar ɗan garuwa ba. Tafinta, abin da nake so ka rubuta da manyan baƙaƙe shi ne kada a zuba sabulun ruwa na wanke-wanken hannu. Na yi sau ɗaya ina sabuwar zuwa, kumfa ta biyo ƙofa har falo.

Tafinta: Na rubuta, Hajiya. Don Allah a dawo kan famfo, lokaci na tafiya.

Mai Gyaran Firji: To bari in faɗa maka yadda abin yake, sai ka san sunan da za ka ba shi. Masu tura ruwa biyu ne a ciki, ba ɗaya ba. Babban yana ɗibar ruwan da ya taru a ƙasa ya harba shi cikin farfela. Farfelar ba ta da mota, hudojinta a karkace suke, ƙarfin fitar ruwan ne ke juya ta. Shi ya sa in kwanuka sun fito da datti, kafin ka zargi komai ka ciro ta ka tsokace hudojin da tsinke. Ruwan burtsatse na barin wani fari-fari kamar kanwa, shi ke toshe su, shi ya sa ma wasu injinan ke da wurin zuba gishiri na musamman. Ƙaramin kuma aikinsa kwashe ruwan datti ya tura tiyo ya fita. In ka buɗe ƙofa ka tarar da ruwa kwance, kada ka yi saurin sayen sabo. Zare wuta tukuna. Ciro filta ka wanke. Kwashe ruwan da soso, buɗe ɗan murfin da ke gefe, haska tocila. Sau da yawa fasasshen gilashi ne ko ƙashin kifi ya riƙe 'yar fankar. Ni har ƙwallon dabino na taɓa cirowa. Kuma kada a zura yatsa kai tsaye, gilashin nan ya sha yanka mutane. Sai a duba tiyo ko ya lanƙwashe a bayan injin. A injinan Bosch, in allo ya nuna E24, wannan layin za ka bi.

Tafinta: Wannan ya fi littafin bayani. Ke nan ba suna ɗaya nake nema ba, biyu ne.

Ɗaliba: To a bar wa na bango sunansa, kan famfo. Na cikin a kira kowanne da aikinsa: injin feshi da injin zuƙa.

Malamin Nahawu: Inji a cikin inji. Mazuƙi ya fi. Kuma na ce na'ura.

Ɗaliba: Allah ya gafarta Malam, na'ura ai Larabci ce. Asalinta ƙaton gargaren nan ne da kogi ke juyawa yana ɗibar ruwa, irin na garin Hama a Siriya. Sabulun da za a zuba ma daga Larabci ya zo, cokalin da za a wanke daga Buzaye. In tsantsa ake so, kicin ɗin zai koma ba kowa sai ƙwarya da ludayi.

Malamin Nahawu: 'Yata, na san asalin na'ura tun ba a haife ki ba. Baƙon da ya shekara ɗaruruwa a gida ya auri 'yar gida ba ɗaya yake da wanda ya sauka jiya da jakarsa ba. Ku duba ƙamusun Bargery na 1934 ku ga yawan kalmomin da muka yar muka kama na wasu.

Ɗan Damagaram: Abin dariyar, in gargaren da ruwa ke juyawa ne na'ura, to farfelar nan ce ta fi kowa cancantar sunan.

Tafinta: Saura mai tasowa in ruwa ya taru. Littafin ya ce yana can ƙarƙashin injin.

Mai Gyaran Firji: Eh. Akwai faranti a can ƙasa, a kansa wani ɗan farin abu marar nauyi. In wani wuri na yoyo, ruwa ya taru a farantin, abin ya taso ya danna makunni, injin ya daina shan ruwa ya kama zuƙa ba tsayawa. A Bosch E15 ke nan. Yara kan karkata injin ruwan ya zube, ya tashi, su karɓi kuɗi. Bayan sati mai kaya ya dawo da faɗa, don ba a nemo inda ke yoyon ba. Robar ƙofa za a fara dubawa, sai bakin tiyo. Mu fulot muke ce masa.

Malamin Nahawu: Fulot! Wanda ya taɓa ganin masunta a Argungu ya san abin da ke riƙe mutum a saman ruwa. Gora. Makunnin gora.

Mai Gyaran Firji: Kai. Wannan kam Malam ya harbi tsuntsu. Ko yaron da ya zo jiya ka ce masa gora ta taso zai gane.

Uwargida a Ingila: Gora ta yi. Amma mataci ni shayi yake tuna mini. Abin nan raga ce mai kama da rariya sak.

Ɗaliba: Rariya kuma a wasu wurare hanyar ruwa ce, a wasu titi. A littafin da ke maganar fitar ruwa za a rikice. Mataci dai.

Mai Gyaran Firji: Abu biyu ka ƙara ko babu su a littafin. Na ɗaya, wurin sayen kayan canji ba a zuwa da "irin wannan". A gefen ƙofa akwai lambar samfurin, ita za a kwafa. Kuma a duba wutar da aka rubuta: namu 230 ne, na Amurka 120, hitarsu da injin zuƙarsu ba sa hawa namu ko da sun yi kama. Hita in ana shakkarta a sa mitar awon wuta, mai wat 2000 za ta nuna wajen om 26, in ba ta nuna komai ba ta yanke. Na biyu, in injin ba ya shan ruwa kada a ce bawul ne nan take, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanya ya rufe. Yana son ruwa mai ƙarfi, kuma tankin da bai kai mita 5 sama da injin ba da ƙyar yake ba shi abin da yake so. An sha canza bawul mai lafiya alhali tankin ne a ƙasa.

Malamin Nahawu: Bawul kuma. Matsari.

Ɗan Damagaram: Malam, wannan ko ni ba zan bi ku ba. A karanta da sauri a ji me ya fito.

Tafinta: To ga abin da zan miƙa. Injin wanke-wanke. Kan famfo na bango. Injin feshi, injin zuƙa. Mataci. Makunnin gora. Robar ƙofa. Mai juyawar zan rubuta mafeshi, wato farfela, a farkon ambato, daga nan in ci gaba da farfela, don da ita za su tambaya a kasuwa. Bawul na bar shi bawul. Akwai wani ruwa da ake zubawa don kwanuka su bushe ba tabo, na sa ruwan ɗauraya na wucin gadi, in wani na da wanda ya fi kafin daren Alhamis ina jira. Ɗan Damagaram, na sa juwan da turnabis a shafin ƙarshe.

Malamin Nahawu: An ɗauki gora da mataci an yar da mawanki, an kuma mayar da mafeshi ɗan rakiya. Ba komai. A littafinka ne. Ni a gidana mawanki ne.

Uwargida a Ingila: Malam yana da shi a gida ke nan?

Malamin Nahawu: Ba ni da shi.