Vallée Blanche ce ma'aunin gwaninta a Chamonix, ko akwai gangaren da ya fi ta?

Ɗan Damagaram: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun da karatu ya kawo ni Faransa nake wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, kuma yanzu ina sauko hanyoyi masu baƙar alama, wato mafiya wuya a filin zamiya, ba tare da wata wahala ba. Ina da niyyar zuwa Chamonix, wani gari a tsaunukan Alps na Faransa, a watan Fabrairu, abokan aikina kuwa sun nace cewa wanda bai sauko ta hanyar zamiyar da ake kira Vallée Blanche ba bai isa a kira shi gwani ba. Ina roƙon waɗanda suka san wurin su faɗa mini ko ita ce mafi wuya a yankin, da kuma ko mutum zai iya bin ta shi kaɗai.

Malam Garba: Wa alaikumus salam. Abokanka sun haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya suke ba, wato tsananin gangare da girman haɗari. Hanyar da aka fi bi a Vallée Blanche ba ta da tsananin gangara, har wanda ya iya hanyoyi masu jar alama (waɗanda ba su kai masu baƙar alama wuya ba) sosai zai iya sauko ta, amma ba a share ta, ba a kafa mata alamu, kuma babu masu sintiri a kanta. Ana farawa ne daga ƙolin Aiguille du Midi mai tsayin mita 3,842, inda motar da ke rataye a waya take kai mutane tun shekarar 1955, sannan a yi tafiyar kimanin kilomita 20 a kan daskararrun kogunan ƙanƙara. Kafin ka ɗaura allunan zamiyarka sai ka fita ta wani rami da aka haƙa cikin ƙanƙara, ka taka wani siririn doron tsauni da ƙafa, allunan a ɗaure a bayanka, hannunka riƙe da igiyar da ake kafawa a lokacin hunturu. A hagunka ba abin da za ka gani sai rufin gidajen Chamonix can ƙasa da nisa, kuma a nan ne gwiwoyin mutane da yawa suke soma rawa. Babban haɗarin kuwa yana gaba, domin ƙanƙarar tana da tsagogi masu zurfi waɗanda sabuwar dusa takan lulluɓe bakinsu, mai wucewa ya ɗauka ƙasa ce mai ƙwari. Saboda haka shawarata ita ce kada ka je kai kaɗai. Ƙungiyar 'yan jagora ta garin tana aiki tun 1821, kuma kuɗin da za ka biya ɗan jagora bai kai darajar ranka ba.

Hajiya Mairo: Ina goyon bayan Malam Garba, sai dai zan ƙara maganar kayan aiki. Duk wanda zai fita daga hanyoyin da aka share dole ne ya rataya na'urar da ke aika sigina idan dusa ta binne mutum, ya ɗauki sandar lalube da shebur, a kan kogin ƙanƙara kuma ya ɗaura ɗamarar da ake zaro mutum da ita daga tsaga. Mallakarsu kawai ba ta wadatar ba, sai an koyi aiki da su, tunda wanda aka binne damarsa ta rayuwa tana raguwa ƙwarai bayan minti 15. Ka kuma duba sanarwar zaftarewar dusa kowace safiya. Ma'aunin daga 1 ne zuwa 5, kuma a mataki na 3, wanda mutane suke rainawa, aka fi rasa rayuka a tsaunukan Alps.

Bakano a Janeba: Ɗan'uwa, idan abin da kake nema shi ne gangaren da zai gwada ƙafafunka, nufi Grands Montets da ke saman ƙauyen Argentière. Wurin yana fuskantar arewa, don haka dusarsa tana daɗewa ba ta lalace ba, gangarensa kuma dogaye ne masu gajiyarwa. Gobara ta ci tashar motar wayar da ke kai mutane ƙoli a watan Satumban 2018, saboda haka ka bincika abin da yake buɗe kafin ka sayi tikiti. In kana da hali ka leƙa hanyar Chavanette a kan iyakar Faransa da Suwizalan kusa da Avoriaz, wadda ake yi wa laƙabi da bangon Suwizalan. Gajeruwa ce, amma cike take da tuddan dusa kamar tsibin doya, waɗanda sukan daskare da sanyin safiya, wanda ya faɗi daga sama kuma yakan yi nisa kafin ya tsaya. A ganina ta fi Vallée Blanche neman ƙwarewa nesa ba kusa ba.

Ɗan Damagaram: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam Garba, shin ana iya zamiya har cikin garin Chamonix?

Malam Garba: Sai a shekarar da dusa ta sauka da yawa, kuma ko a lokacin sai ka cire allunan ka hau wani tudu da ƙafa kafin ka shiga hanyar daji. Kogin ƙanƙara na Mer de Glace, wanda hanyar take bi ta kansa a ƙarshenta, ya narke ya yi ƙasa sosai, don haka yawancin mutane a ƙarƙashin tashar jirgin ƙasa ta Montenvers suke tsayawa, su hau sabuwar motar wayar da aka buɗe a 2024 zuwa tashar, sannan su shiga jan jirgin ƙasa ya sauko da su gari. Ku fita da sassafe domin kada jirgin ƙarshe ya wuce ku.