Wace kalma za mu ba "alkaloid" da Hausa?

'Yan'uwa malamai, na karanta shawarwarin da aka kawo, kuma ina ganin ya kamata mu fara tantance abin da kalmar take nufi kafin mu raɗa mata suna. Rukuni ne na sinadarai masu ɗauke da naitirojin (sinadarin da ya fi yawa a iskar da muke shaƙa), galibinsu tsirrai ne ke samar da su, kuma ko ɗan kaɗan mutum ya sha yana iya yin tasiri mai ƙarfi a jikinsa. Kafeyin da ke hana mai cin goro barci yana cikinsu, haka nikotin na taba, da mofin da ake kashe raɗaɗi da shi a asibiti, da abin da ke gusar da hankalin wanda ya sha zaƙami.

Shawarar farko ita ce "sinadari mai ɗaci". Tana da daɗin faɗa, kuma duk wanda ya taɓa haɗiye kwinin zai yarda da ita, amma ba ta tsaya a kan iyakar rukunin ba. Ɗacin ɓawon maɗaci da na darbejiya da na shuwaka daga wasu sinadarai yake fitowa waɗanda babu naitirojin a jikinsu, saboda haka ɗalibin da aka koya wa wannan suna zai tattara su duka ya zuba a kwando ɗaya, ya faɗi jarrabawa da laifinmu.

Shawara ta biyu, wato "dangin kanwa", ta fi kusa da asalin kalmar. Wani Bajamushe masanin harhaɗa magunguna, Carl Meissner, shi ya ƙirƙiro ta a 1819, ya gina ta a kan kalmar da Turawa suka aro daga Larabci, "al-ƙali", wadda take nufin tokar wasu tsirrai, kuma ba ruwanta da alƙalin kotu. Abin da ya lura da shi shi ne sinadaran suna kashe tsami, kamar yadda uwargida take jefa kanwa a miyar yakuwa. Malam mai wannan shawara ya yi tunani mai kyau, sai dai kanwa ma'adini ce da ake haƙowa, babu naitirojin a cikinta, kuma ina jin tsoron ranar da wani zai ji an ce nikotin dangin kanwa ne ya ɗauka abin sa wa a tukunya ne.

Ni dai na karkata ga aro, mu rubuta "alkaloyidi", jam'i "alkaloyidai", mu bi ta da gajeren bayani a karon farko da ta fito a darasi. Haka muka karɓi kwinin, wanda masana harhaɗa magunguna biyu, Pelletier da Caventou, suka fara tacewa daga ɓawon itacen sinkona a Faransa a 1820, ba tare da mun nemo masa wani suna ba. Wanda yake ganin "alkaloyidodi" ya fi zama a baki, ina sauraron hujjarsa.