Ta yaya ake bin sawun ƙwayoyin tushe bayan an dasa su a ƙwaƙwalwa?

Ɗalibar aikin jinya:
Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan da mahaifina ya kamu da shanyewar ɓarin jiki, kuma har yau hannunsa na dama bai dawo daidai ba, shi ya sa nake bibiyar binciken da ake yi kan dasa ƙwayoyin tushe, wato ƙwayoyin halittar da ke iya rikiɗa su zama wasu iri. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, idan an zuba su cikin ƙwaƙwalwa, ta yaya likita zai san sun isa wurin da ya lalace, alhali ido ba ya ganinsu? Na ji ana maganar maganaɗisu, ina roƙon a yi mini bayani.

Ma'aikacin sashen hoton asibiti:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah Ya ba Baba lafiya. Kafin a yi dashen, ana renon ƙwayoyin a ɗakin gwaji tare da wasu ɓurɓushin ƙarfe mai tsatsa, masu ƙanƙantar da ake aunawa da nanomita (kashi ɗaya cikin biliyan na mita), har ƙwayoyin su haɗiye su. Da zarar an sa mutum ko dabba cikin na'urar MRI, mai ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu, wannan ƙarfe yana dagula filin maganaɗisun da ke kewaye da shi, sai wurin ya fito baƙi a hoton. Ta haka ake ɗaukar hoto yau, a sake bayan mako guda, a ga ko baƙin ya gusa. A shekarar 2002 masu bincike a birnin Kolon na Jamus sun dasa irin waɗannan ƙwayoyi a ɓangare mai lafiya na ƙwaƙwalwar ɓera, suka kuma gan su a hoto suna ƙetarawa zuwa ɗaya ɓangaren da jini ya yanke wa.

Malamar kimiyyar halittu:
Bayanin Malam daidai ne, sai dai akwai abin da ya kamata ki riƙe da kyau: na'urar tana ganin ƙarfen ne, ba ƙwayar ba. Idan ƙwayar da aka dasa ta mutu, kuma da yawansu sukan mutu cikin kwanakin farko, ƙwayoyin garkuwar jiki masu share datti suna cinye ta har da ƙarfen cikinta, sai baƙin ya ci gaba da fitowa a hoto kamar tana raye. Idan kuma ta rayu tana rarrabuwa, ƙarfen yana raguwa a kowane rabo har alamar ta dusashe. Abin da ya fi damuna a batun shanyewar ɓarin jiki shi ne, tsohon jinin da ya zuba a ƙwaƙwalwa shi ma yana ɗauke da ƙarfe, kuma baƙi yake fitowa, don haka rarrabe su yana da wuya. Wata sabuwar na'ura da masana na kamfanin Philips suka bayyana a 2005 tana auna ɓurɓushin kai tsaye har ta faɗi yawansu, amma galibin aikinta a kan dabbobi yake tukuna.

Ɗalibar aikin jinya:
Na gode, Malama. To ke nan Babanmu zai iya samun wannan dashe yanzu?

Malamar kimiyyar halittu:
Har yanzu a matakin gwaji yake, 'yata. Gwajin da aka yi a Gilasgo ta Sikotlan, wanda aka wallafa sakamakonsa a 2016, mutum 11 kawai ya ƙunsa, kuma manufarsa ita ce a ga ko dashen ba ya cutarwa. Duk wanda ya nemi kuɗinku da alkawarin warkar da Baba ta wannan hanya, ku yi nesa da shi. Ku dage da gashin ƙashi da motsa hannun kullum, ku kuma kula da hawan jininsa da shan magani a kan lokaci, domin kada ciwon ya sake dawowa.